Amanar Motar Badaru

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na haya a Kubwa ya san ba agogo ke tashin mu ba. Da an dawo daga sallar asuba sai ka ji wata mota a tsakar gida ta yi tari, ta sake yi, sannan ta kama. Ta yi ta gurnani a wuri ɗaya na ɗan lokaci, sai a kashe ta. Ba ta zuwa ko'ina. Mai tayar da ita kuwa, Baba Abdulbaƙi, bai iya tuƙi ba, bai taɓa koya ba. Ko ka tambaye shi wanne ne birki wanne ne totur sai dai ya yi maka murmushi. Iyakar saninsa ya murɗa makulli, ya jira, ya mayar da shi yadda ya same shi.

Ni sunana Umar Farouk, amma Faruku Baba yake ce mini. Ƙofar ɗakina na kallon tasa. Direba ne ni, da safe in kwashi ma'aikata daga Kubwa zuwa cikin gari, da yamma in dawo da su, abin nan da muke kira alon. Kafin in fara tuƙi na yi zaman gareji a Zariya, saboda haka in inji ya yi kuka na san inda ke masa ciwo. Ina da baki, kowa a gidan shaida ne, ba na iya ganin ana ɓarna in wuce. Sai dai a kan Baba bakin nawa bai tsinana komai ba.

Mutumin Malumfashi ne. Ya zo Abuja tun tana daji da ramukan gini, yana sayar wa leburori shayi da burodi a gindin wata bishiya. Da gari ya girma aka tashe su daga nan, ya gangaro Kubwa ya kama rumfa a kasuwa, ya koma sayar da hatsi. Tsohon kekensa yake hawa har gobe, wanda sarƙarsa ke zamewa in ya hau tudu. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa roƙon kowa ba. Abin da ya yi suna a kai shi ne ajiya. Manoman da ke kawo doya daga Yangoji a rumfarsa suke barin ragowar kayansu su koma gida hankali kwance, don sun san ko ƙullin bakin buhu ba zai taɓa ba.

Akwai labarin da 'yan kasuwa ke son bayarwa a kansa. Wani tela mai suna Zacharias ya bar masa keken ɗinki zai je gida jana'izar mahaifinsa, ya ce bayan Kirsimeti zai dawo. Ya yi shekaru bai dawo ba. Matar Baba, Inna Batulu, ta iya ɗinki, ba ta da keke. Ta yi roƙon duniya ya bari ta riƙa ɗan taɓawa, ya ce ba nasa ba ne. Ranar da telan ya dawo da furfura a kansa, ya tarar da kekensa lulluɓe da zanen da ya rufe shi da shi, zaren da ya bari a allura yana nan. Kowa ya ji sai ya ce, "Allahu akbar, mutumin kirki." Ni kaɗai na taɓa tambaya ko keken ya sake ɗinki bayan tsatsar da ya sha. Aka yi mini caa, wai ba ni da kunya.

Ɗansa na fari shi ne Badaruddeen, mu muna ce masa Badaru, kuma shi kaɗai ne namiji, matan duk an aurar da su can Katsina. Baba irin mutanen da ne, ba ya faɗin sunan ɗan fari. "Yaron nan" yake cewa, da yaron ya sayi mota sai ya koma cewa "mai motar". Soja ne Badaru, sa'ana ne, abokin musuna kuma. Motar wata Toyota ce ruwan toka, 'yar Kwatano, ta ɗan sha jiki, amma in ka ga yadda yake lallaɓa ta sai ka rantse daga kamfani ya ciro ta. Ba ya wuce lokacin juye, wato canjin baƙin mai. Ba ya sayen baƙin man da ake aunawa a bakin titi. In ya zo hutu, kafin ya gaishe da kowa sai ya buɗe bonet ya zaro ƙarfen duba mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi sama yana kallo. Nakan ce masa, "Oga soja, ka auri motar nan mana mu huta." Shi kuma ya ce, "In na aure ta, taka mai yoyo kamar rariya ba za ta zo bikin ba."

Sai aka tura su arewa maso gabas. Ya ce 'yan watanni ne. Ranar da zai tafi ina tsaye a wurin, ya zaunar da Baba a kujerar direba, ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake murɗa makulli.

"Baba, kullum da safe ka tayar da ita ta ɗan yi zafi, saboda batir. Kada ka ba kowa." Ya waiwayo ya kalle ni yana dariya. "Musamman Faruku. Mutum shida zai loda mata ya kai Wuse."

Na ce, "Ka ji sharri!"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "To baƙin man nan da kake yawan magana fa?"

Badaru ya ɗora yatsa a kan mita, ya faɗa masa lambar da in ta kai sai a yi juye. "Amma kar ka damu, ba za ta kai ba. Kafin nan na dawo."

Magana ce ta mai gajeriyar tafiya. Wanda ya faɗe ta wasa-wasa ya faɗa, yana gyara igiyar takalminsa. Wanda ya ji ta kuwa Baba Abdulbaƙi ne.

Da farko yana kira. Daga baya wayar ta daina shiga. Wata Asabar wani abokin aikinsa, Al-Amin, ya zo gidan ya zauna a kan tabarma yana ta murza hularsa. Ya ce an kai musu hari. An ga waɗanda aka gani, masu rai da waɗanda suka rasu, Badaru ba ya cikin kowanne. Ba a gan shi ba, iyakar abin da aka sani ke nan. Babu gawa, babu zaman makoki. Matan unguwa da suka fara shigowa da fuskar ta'aziyya, Inna Batulu ta tare su a bakin ƙofa ta ce, "Wa ya mutu?" Suka juya sumu-sumu. Washegari da asuba motar ta yi tari ta kama kamar ba a ce komai ba.

Damina ta wuce, wata ta zo, wata ta sake zuwa. Baba bai tsallake safiya ko ɗaya ba, ko zazzaɓi yake sai ya lallaɓo ya fito.

Bari in faɗa muku abin da ke cin raina, don wanda bai san inji ba zai ɗauka gata Baba ke yi wa motar. Inji don tafiya aka yi shi. In ka tayar da shi da sanyi ka kashe kafin ya yi zafi sosai, raɓa ce ke taruwa a cikinsa, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya gangara cikin baƙin mai. Da za a fita da motar ta yi gudu a titi, zafi zai kori duk wannan. A tsaye kuwa sai dai su yi ta taruwa. Na ɗan lokaci ba komai, shi ya sa Badaru bai damu ba. Shekaru fa? Man sai ya zama laka. Ga shi mita ba ta motsi sai taya ta juya, taya kuwa ba ta juyawa. Lambar da Baba ke jira ba ta da ranar zuwa. Shi kuma kullum sai ya goge gilashin mitar da gefen rigarsa, ya leƙa, ya ce, "Da saura."

Na yi masa wannan bayani a tsanake. Na yi masa shi da zolaya. Rannan na kasa haƙuri na tare shi yana fitowa daga motar.

"Baba, don girman Allah ka ba ni makullin nan ran Lahadi. Kai ka zauna a gaba. Mu je Bwari mu dawo, ko fasinja ɗaya ba zan ɗauka ba."

"Ya ce kada in ba kowa."

"Wasa yake yi!"

"Da sunanka ya faɗa, Faruku."

"To na ji, a bar tuƙin. Bari in yi mata juye a nan inda take. Man ma ni zan kawo."

"Ba ta kai lambar ba."

"Ba za ta kai ba, Baba! Ko shekara ɗari za ta yi a nan ba za ta kai ba!"

Ya dube ni a natse ya ce, "To ai haka ya ce. Ya ce kafin ta kai ya dawo."

Sai a lokacin na gane ni da shi ba magana ɗaya muke yi ba. Muddin lambar nan ba ta kai ba, a wurin Baba ɗansa bai makara ba.

Abu ɗaya da ya yarda in taɓa shi ne batir, shi ma don in ya mutu motar ba za ta tashi ba. Ranar da nake canza shi na faki idonsa na kwance murfin baƙin mai. Inna lillahi! A jikin murfin wani abu ne fari-fari mai yauƙi kamar kunun da ya kwana. Na lakato da yatsa na kai masa har gaban hanci, na ce, "Baba, dubi abin da ke cikin motar ɗanka." Ya kalla, ya ciro hankicinsa ya goge mini yatsan da kansa, ya ce, "Mayar da murfin yadda ka gan shi."

Maƙwabciyarmu Rita, Maman Cynthia, ita hayaƙin ya dame ta, don igiyar shanyarta a bayan motar take. Takan fito tana fifita hanci da hannu: "Baba, wannan mota yana kashe ni, duk kaya na yara yana wari." Sai ya ba ta haƙuri, ya kwance igiyar da hannunsa ya ɗaura mata a wani gefen. Daga baya ita ma ta daina magana, ta koma yin shanya da rana. Da fetur ya yi tsadar nan da ya yi, manyan ma'aikata ma suka ajiye motocinsu suka dawo suna cusuwa a tamu, Baba bai fasa ba. Sai ka gan shi ya ɗaure ƙaramin galan a bayan keke ya nufi gidan mai. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan shayi ya koma shan baƙi, ba madara, ya ce wai ta fara damun cikinsa.

Na zagaya wajen Inna Batulu, ko ita zai ji. Na same ta tana tankaɗe. Na zayyane mata komai, na ce in dai so ake Badaru ya dawo ya tarar da motarsa da rai, to wannan hanyar kashe ta za ta yi. Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Faruku, na ji ka, ban kuma ce ƙarya kake ba. Amma ni in ban ji ƙarar nan da safe ba, abinci ba ya wuce mini nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Ka ƙyale mu."

Na fito ina jin haushinsu, ina jin haushin Badaru da bai iya bakinsa ba, ina jin haushin kaina da na san komai kuma ba abin da zan iya. Kullum da asuba ina kwance ina sauraro. Ƙarar tana canzawa, ni kaɗai ke ji. Wani ƙas-ƙas ya fara shigowa a samanta kamar ana kaɗa cokali a kofi. Sai dai in juya a kan katifa in toshe kunne da filo.

Bana, bayan ƙaramar salla, Al-Amin ya kira da hantsi. Ya ce an kuɓutar da wasu mutane daga daji, an kawo waɗanda suka fi jin jiki wani asibiti a cikin gari. Akwai ɗaya ba ya magana, ko sunansa bai faɗa ba, amma tsayin da ƙirar fuskar sun yi kama. Ya ce kada a sa rai da yawa, shi ma hoto ya gani, hoton kuma bai fita sosai ba.

Wa zai ji wannan? Kafin ka ce me Inna Batulu ta haɗa fura da nono a kwano, ta yafa mayafinta. Ranar ban fita aiki ba. Ina zaune sai ga Baba a ƙofata cikin rigarsa ta salla, makulli a tafin hannunsa.

"Faruku, tashi ka ja mu."

"Baba, mu tafi a tawa."

"A motarsa zai dawo."

"Ai ya ce kar a ba ni." Wallahi ban san lokacin da bakina ya faɗa ba.

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ba aro na ba ka ba. Mai ita za a ɗauko."

"To a ba ni lokaci in yi juye, in wanke cikin injin. Baba, man nan ba zai kai mu ba."

"An ce da rana ake rufe ziyara. Juyen kuma shi zai yi da hannunsa, ya fi son haka."

Na dubi Inna Batulu. Tana tsaye a jikin motar rungume da kwano, har ta riƙe mariƙin ƙofa. Ta yaya zan ce wa matar nan ta jira? Na kira mai faci ya bai wa tayoyi iska. Da na saka giya, birkin da ya yi tsatsa ya saki da wata ƙara, motar ta motsa daga inda ta yi shekaru, ta bar sawun tayoyinta huɗu a ƙasa. Duk gidan aka fito. Maman Cynthia ce ta buɗe mana get tana cewa, "Allah ya kawo shi, Baba, Allah ya kawo shi."

Lallaɓa ta na yi ta yi, ko totur ban taka da ƙarfi ba. Muka hau babban titi, motoci na wuce mu suna hon, ni dai kunnena na kan inji, bakina na salati. Baba bai kalli hanya ba. Idonsa na kan mita.

"Faruku, lambar tana motsi."

"Tana motsi, Baba."

"Da nisa kafin ta kai?"

"Da nisa sosai."

Ya sauke numfashi ya jingina. Muka wuce mahaɗar Dutse, muka wuce Gwarimpa, har na fara cewa a raina ko Allah zai rufa mana asiri. A hawan tudun Katampe jar fitilar baƙin mai ta kama. Ƙas-ƙas ɗin nan ya koma ƙwan-ƙwan. Na karkata gefen titi, kafin in tsaya cak wani abu ya buga a ciki da ƙarfi har sitiyari ya girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, komai ya yi tsit.

Baba ya ce, "Zafi ta yi ne?"

Shekaru ina tara maganar da zan faɗa a wannan rana. Ranar ta zo, ko ɗaya ba ta fito ba. Na ce, "Injin ya buga, Baba."

Na tare mana tasi. Inna Batulu ta shiga. Baba bai motsa daga jikin motar ba.

"Ku je. Ba a barin amana a titi. In shi ne, ka ce masa ina nan tare da ita."

Nan fa bakina ya dawo. "Haba Baba! Ɗanka ne fa ake magana! Wannan ƙarfe ne, ƙarfe!"

"In na je masa hannu rabbana, ya ce ina motar, in ce masa me?"

Na buɗe baki zan ƙara, sai na ga ya dafa bonet ya kawar da kai, ko kallon tasin ba ya yi. Tsohon nan tsoro yake ji. Ba zai iya shiga ɗakin nan ya duba fuskar da ke kan gadon ba. Na rufe bakina na shiga tasi.

A asibitin aka kai mu wani ɗaki mai gadaje. Ma'aikaciyar jinya ta nuna mana gadon ƙarshe. Mutumin dogo ne, ya rame ƙwarai, idonsa a buɗe yana kallon silin. Ni daga nesa na ga akwai kamar. Inna Batulu kuwa ko kusa ba ta kai ba ta tsaya ta ce, "Ba shi ba ne." Na ɗauka faɗuwa za ta yi, na matsa kusa da ita. Sai ta wuce ni ta zauna a bakin gadon, ta buɗe kwanonta ta dama furar, ta tallafo kan mutumin ta riƙa ba shi a ludayi. Yana sha. Ta ce, ba da kowa take ba, "Shi ma ɗan wata ne." Na fita baranda na kifa kaina a bango na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata.

Da la'asar muka koma Katampe. Baba ya karyo ganye ya jera a titi don masu wucewa su kauce, ya goge motar tas da hankicinsa, yana zaune a gefen kwalta cikin rana. Da tasi ta tsaya ya miƙe. Ya ga na fito, ya ga Inna Batulu ta fito, ya ci gaba da kallon ƙofar har direban ya ja ya tafi. Bai tambaye mu komai ba. Ya ce, "Sannunku da hanya."

Wani abokina ya zo da igiya muka ja ta zuwa gida, muka mayar da tayoyinta a kan sawunsu. Washegari na kwance ƙasan injin na duba, don yanzu Baba bai hana ni ba. Lakar nan ta toshe hanyar mai gaba ɗaya, ƙarafan ciki sun ci juna sun manne. Babu sauran abin gyarawa.

Asubar da ta biyo baya ba zan manta da ita ba. An dawo daga masallaci, gidan shiru. Na ji an buɗe ƙofar mota. Na ji an murɗa makulli, ta ce ƙat. Aka sake, ta ce ƙat. An daɗe, sannan aka rufe ƙofar a hankali. Ranar Inna Batulu ba ta hura wuta ba. Ni kuwa tun daga nan tura tawa nake yi har waje kafin in tayar da ita, kunya ba za ta bar ni in yi ƙarar inji a gidan ba.

Bayan 'yan kwanaki, ran wata Lahadi, Baba ya kira ni. Yana zaune a kan benci a inuwar motar, Inna Batulu na tsintar wake a ƙofar ɗaki.

"Faruku, da na ba ka ita tun can, da tana nan?"

"Baba, komai ai sai Allah ya..."

"Na san Allah ya sani. Kai nake tambaya."

Ban taɓa jin nauyin gaskiya irin na ranar ba. Na ce, "Da tana nan, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Duk abin da ya ce na yi. Ban bar ko ɗaya ba."

"Na shaida, Baba. Kuma ana iya sa mata wani injin."

"Zai gane?"

"Zai gane. Da kunne ma zai gane."

"To a bar masa nasa."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito ɗauke da galan ɗin baƙin mai, mai kyau, irin wanda Badaru ke saye, bakinsa a liƙe ba a taɓa buɗewa ba. Ƙura ta yi masa kauri a kafaɗa. Ashe tun shekarar farko ya saya ya tura ƙarƙashin gado, yana jiran ranar da lambar za ta kai. Duk ihun da na yi ta yi a tsakar gidan nan, man yana can a ƙarƙashin kansa. Na ji kamar in kurma ihu, na ji kamar in zauna a ƙasa.

Ya ajiye galan ɗin a gabana. "Yi mata juyen."

"Baba, ba zai tayar da ita ba."

"Na sani. Amma ka san halin Badaru. Kafin ya gaishe da kowa sai ya zaro ƙarfen nan ya duba."

Tun da nake a gidan ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Inna Batulu ta ajiye farantin wakenta ta shige ɗaki ta saki labule.

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin motar. Na kankare lakar da ta rage, na mayar da abin da na kwance na ɗaure. Na fito na fasa bakin galan ɗin na tuttula sabon mai, garau da shi, a cikin injin da na san ba zai ƙara juyawa ba. Na zaro ƙarfen, na goge, na mayar, na sake zarowa na ɗaga shi sama. Baba ya matso ya kare rana da tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ya yi. Mayar masa da shi yadda yake."